Tsarin Aiki da Yarda da Kai a Aikin Ɗan Sanda: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne suka fi yawan fitowa daga bakin masu riƙe da caji ofis, da ƙananan jami'ai, da ɗalibai masu nazarin aikin tsaro, da kuma mutanen gari da hulɗa ke kai su gaban kanta. Yawancin binciken da aka ambata a Amurka da Turai aka yi shi, misalan kuma daga rundunar 'yan sandan Najeriya aka ɗauko su.

Me ake nufi da tsarin aiki a wajen ɗan sanda?

Shi ne yadda aka yanka wa mutum aikinsa: me zai yi, awa nawa, shi da wa, da wane kayan aiki, wane hukunci ne zai iya yankewa da kansa, kuma wa zai duba abin da ya yi. Kofur biyu masu muƙami ɗaya da albashi ɗaya suna iya zama a tsari biyu da ba su haɗa hanya ba. Ɗaya yana ɓangaren bincike, ana miƙa masa fayil ya bi shi har kotu. Ɗayan yana ƙofar gidan wani babba, aikinsa buɗe get da rufe get. Bayan shekara biyar ba za ka same su da ƙwarewa ɗaya ba, kuma da wuya ka same su da hali ɗaya.

Yarda da kai da ake faɗa, ba ita ce jarumta ba?

A'a. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura na jami'ar Stanford, wanda ya fito da wannan nazari a 1977, yana magana ne a kan amannar mutum cewa zai iya wani takamaiman aiki. Kowane aiki da tasa. Akwai sajen da ba ya gezau in ana musayar wuta da 'yan fashi, amma in aka ce gobe zai tsaya gaban alƙali lauya ya yi masa tambayoyi, ba zai runtsa ba. Akwai 'yar sandar da za ta iya kwantar da rikicin miji da mata cikin minti goma, amma hannunta na rawa in ta riƙe bindiga, don tun da ta bar kwaleji ba ta sake harbi ba.

Abin da Bandura ya nuna shi ne wannan amanna ce ke yanke ko mutum zai tunkari aiki ko ya kauce masa, ƙoƙari nawa zai sa, da kuma ko zai daure in abin ya yi tsauri.

Wane irin halin jami'i ne ake dubawa a wajen aiki?

Iri uku. Akwai aikin da aka rubuta: fita sintiri, ɗaukar bayani, kai wanda ake zargi kotu a kan lokaci. Akwai abin da ba a rubuta ba amma ofis ba ya tafiya sai da shi, kamar tsohon hannu ya zauna ya koya wa kurtu rubuta rahoto, ko jami'i ya kira mai ƙara ya gaya masa inda maganarsa ta kwana. Dennis Organ na jami'ar Indiana ne ya shahara da nazarin wannan ɓangare tun shekarun 1980. Na uku shi ne halin ɓata aiki: makara, barin wurin duti, ɓatar da fayil, cin zarafin mutane, karɓar na goro.

Ashe ba tarbiyya ce ke raba na gari da mugu ba? Me ya kawo tsari?

Tarbiyya tana da nata kaso, babu mai musu. Akwai waɗanda duk inda aka kai su ba za su taɓa kuɗin wani ba, akwai kuma waɗanda da ma da niyyarsu suka sa kaki. Amma yawancin jami'ai suna tsakiya, kuma su wurin da aka ajiye su ne ke juya su. Hujja mafi kusa ita ce 'yan sandan Najeriya da ake turawa aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya. Tun zuwansu Kongo a 1960 suke samun yabo a irin wannan aiki. Mutanen nan daga bariki ɗaya suka fito da waɗanda ake kuka da su a gida. Abin da ya canza shi ne a can aikin a fayyace yake, mota da rediyo suna aiki, alawus yana zuwa, kuma akwai mai duba abin da ka yi.

Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya mari direba ko ya karɓi kuɗin beli. Laifinsa na wuyansa. Sai dai in ka kore shi ka bar kujerar yadda take, wanda zai gaje shi zai koyi abin da ya koya. Amsar da ke kan shingen hanya ta yi bayanin yadda hakan ke faruwa.

Waɗanne abubuwa ne ke sa aiki ya shiga ran mai yin sa?

Richard Hackman da Greg Oldham, a tsakiyar shekarun 1970, sun ware abubuwa biyar: aikin ya buƙaci ƙwarewa iri-iri, mutum ya riƙe shi daga farko har ƙarshe, ya ga yana taɓa rayuwar wasu, ya sami damar yanke wasu shawarwari da kansa, kuma ya riƙa sanin sakamakon abin da ya yi. Ukun farko suna sa aiki ya yi ma'ana. Na huɗu yana sa mutum ya ji alhakin na kansa ne. Na biyar yana gaya masa ko ya dace ko ya kuskure.

A wajen muhimmanci, ba a bar ɗan sanda a baya ba; rai da dukiya ne a hannunsa. Inda aikin ke rauni shi ne na biyu da na biyar. Ɗauki ɗan sintirin da ya kama ɓarawon babur da tsakar dare. Zai miƙa shi a kanta, da safe fayil ya tafi wajen mai bincike, daga nan wataƙila a ɗauke shi zuwa sashen binciken manyan laifuka na jiha, daga nan sai mai gabatar da ƙara. Shi wanda ya yi gudun, ya sa ransa a haɗari, ba zai taɓa jin yadda aka ƙare ba, sai dai wata rana ya hango mutumin a tasha yana shan shayi. Ba wanda ya gaya masa ko shaida ce ta yi rauni, ko mai babur ne ya janye, ko wani ne ya sa baki. Abin da zai ɗauka a ransa shi ne wahalar banza ya yi. Jami'in da ya kai ga wannan tunani yana dab da ɗayan biyu: ya daina kamawa, ko ya fara yanke hukunci da hannunsa a wurin kamu. Duka biyun mun san su.

Su masu nazarin sun yi wani gargaɗi da ake yawan mantawa: faɗaɗa aiki ya fi amfanar wanda yake da sha'awar ci gaba kuma yake da ƙwarewar ɗaukar nauyin. Wanda ba a horar ba, ƙarin nauyi tsoro kawai zai ƙara masa. A nan ne tsarin aiki da yarda da kai suke haɗuwa.

Aikin ɗan sanda aikin bin oda ne. Ina maganar yanke shawara ta shigo?

A kan takarda haka ne. A kan titi kuwa, masanin Amurka James Q. Wilson ya lura tun 1968 cewa aikin ɗan sanda ya saɓa wa yawancin ayyuka, domin mafi ƙanƙantar jami'i shi ne ya fi kowa yawan yanke hukunci shi kaɗai. Kwamishina ba ya wurin lokacin da kurtu ke zaɓar wace mota zai tsayar, ko faɗan 'yan kasuwa biyu zai ƙare da sulhu ko da ankwa. Saboda haka damar tana nan, ko an amince da ita ko ba a amince ba. Abin tambaya shi ne ko an koya masa amfani da ita, kuma ko oga zai tsaya masa in ya yi daidai amma wani mai ƙafa ya ji haushi.

Inda aka fi samun matsala shi ne a ɗora wa mutum nauyi mai yawa a hana shi ta cewa a kan yadda zai sauke shi. Wani mai bincike, Robert Karasek, ya nuna a 1979 cewa wannan haɗi ne ya fi gajiyar da ma'aikaci da jawo masa damuwa. Akasin haka an gwada shi a garin Newport News na jihar Bajiniya a tsakiyar shekarun 1980, bisa tunanin masanin aikin 'yan sanda Herman Goldstein. An ba ƙananan jami'ai matsaloli masu maimaituwa, kamar fasa gidaje a wani rukunin gidajen haya da sata daga motocin da ake ajiyewa kusa da wurin ƙera jiragen ruwa, aka ce su binciko musabbabi su kawo mafita, sannan a auna. Laifukan sun ragu a wuraren. Mutumin da da aikinsa amsa kira ne kawai ya zama mai unguwa a hannunsa.

Daga ina yarda da kai ke samuwa? Ana iya koyar da ita?

Bandura ya lissafa mafari huɗu, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Mafi ƙarfi shi ne mutum ya yi abin da hannunsa ya ga ya yiwu. Sai ganin wani irinsa ya yi. Sai ƙarfafa gwiwa daga wanda ya yarda da maganarsa. Na ƙarshe shi ne yanayin jiki: gajiya, faɗuwar gaba, yunwa.

In aka auna horon kurata da wannan, za a ga inda giɓin yake. Kwalejojin 'yan sanda irin na Kaduna, Maiduguri, Ikeja da Oji River suna ba fareti da da'a lokaci mai yawa, kuma suna da amfaninsu. Amma fareti yana koya wa mutum yarda da kansa a fareti ne. Wanda ake so ya iya yi wa mai laifi tambayoyi, sai ya yi ta gwadawa a gaban malami, a gyara masa, ya sake. Haka harbi, haka shiga tsakanin taron da ya fusata. Ko wanda ya yi shekara biyar a Makarantar Horar da Hafsoshin 'Yan Sanda ta Wudil ya fito da digiri da tauraro, ranar da aka ba shi fayil na farko sabon shiga ne, kuma sufeton da aka haɗa shi da shi ne zai zama malaminsa na gaskiya. Shi ya sa zaɓen wanda za a haɗa sabon jami'i da shi ba ƙaramin hukunci ba ne, ko da yake sau da yawa wanda ke kusa kawai ake nunawa.

Ta yaya rashin yarda da kai ke fitowa a aikace?

Ba kasafai yake fitowa a matsayin tsoro ba. Ya fi fitowa a matsayin zafi. Jami'in da bai yarda zai iya shawo kan mutum da baki ba, hannu yake fara kaiwa. Wanda bai san dokar da yake aiki da ita ba, da zarar an tambaye shi laifin me aka yi, sai ya ɗauka raini ne.

Ya fi muni a ɗakin bincike. Mai binciken da ba a koya masa tattara shaida ba, ba shi da kuɗin mai da zai je inda aka yi laifin, ga oga na neman sakamako kafin Litinin, hanya ɗaya yake gani: wanda ake zargi ya amsa da bakinsa. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25, kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yi tanadin naɗar ikirari a bidiyo da ɗaukar bayani a gaban lauya ko wani da mutum ya zaɓa. Dokokin sun toshe tsohuwar hanya, kuma daidai ne. Amma muddin ba a buɗe wa mai bincike wata hanyar da ya yarda zai iya bi ba, zai ci gaba da laluben ta baya a ɓoye.

Yarda da kai tana iya yin yawa?

Ƙwarai. Yarda da kai tana ƙara wa mutum ƙarfi ne a kan duk abin da ya sa gaba, alheri ko akasinsa. Sashen yaƙi da fashi da makami na SARS, wanda aka kafa a Legas a 1992, yana da kusan duk abin da aka lissafa a amsar da ke kan abubuwa biyar: aiki iri-iri, muhimmanci, 'yancin motsi, har da fita ba kaki. Abin da ya rasa shi ne mai duba shi da zai ce nan ka wuce gona da iri, kuma maganar ta yi tasiri. An sha sanar da yi masa garambawul, ba a ga canji ba, har zanga-zangar da ta sa Sufeto Janar Mohammed Adamu ya rusa shi ranar 11 ga Oktoba 2020.

Bambancin a nan yake: akwai mai cewa na iya aikin nan, akwai mai cewa ba abin da za a yi mini. Na farko ƙwarewa ce ta haife shi. Na biyu rashin hukunci ne, kuma shi ba ya buƙatar iya komai.

Me dogon duti ke yi wa halin jami'i?

Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya gano cewa mutumin da ya yi awa 17 bai yi barci ba, kuzarinsa da saurin hankalinsa suna raguwa kamar na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wato iyakar da ƙasashe da dama suka hana tuƙi a kanta. A 2011 kuma aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi da 'yan sandan Detroit da na Arlington a jihar Texas, inda aka kwatanta dutin awa 8, 10 da 12. Masu awa 10 sun fi samun barci da jin daɗin aiki, masu awa 12 sun fi kukan gyangyaɗi da raguwar lura.

A caji ofis da yawa na Najeriya awa 12 ita ce ƙa'ida, kuma in hannu ya yi ƙaranci, ko lokacin zaɓe, mutum yana iya zarcewa. Wanda ya kwana a tsaye, haƙurinsa gajere ne, ga bindiga a kafaɗa.

Me ya sa shingen hanya ya fi ko'ina ɓata suna?

Domin an haɗa masa duk abin da ke lalata aiki. Abu ɗaya ake maimaitawa daga safe zuwa dare, ba farko ba ƙarshe, ba wanda ke auna ko an hana wani laifi, ga iko a kan duk mai wucewa, ga kuɗi hannu da hannu. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2010 ya bayyana yadda ƙananan jami'ai ke kai wa na sama kaso daga abin da suka tara, har ma wasu su biya kafin a tura su wuri mai maiƙo. In haka ne, karɓar kuɗin ta zama ita ce aikin da aka yanka wa mutum, kuma ita ce kaɗai ake duba sakamakonta kowace yamma. Sufetoci Janar da dama sun ba da umarnin ɗage shingaye, su ɓace na ɗan lokaci su dawo.

Gadin manyan mutane fa?

A 2018 shugaban Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda na lokacin, Mike Okiro, ya ce fiye da jami'ai 150,000 suna tare da manyan mutane da waɗanda ma ba su cancanta ba. Illar biyu ce. Waɗanda aka bari a ofis dutinsu ya ƙaru. Shi kuma odalin, wato ɗan sandan da ke bin babban mutum, shekaru suna wucewa yana riƙe jaka da lema, ƙwarewarsa na zubewa, biyayyarsa ta koma ga mai ba shi na cefane.

Yadda oga ke mu'amala da na ƙasa da shi yana shafar mutanen gari?

Yana shafa. Masanin halayyar ɗan Adam Tom Tyler ya nuna cewa mutane sun fi bin hukuma in an saurare su, an yi musu adalci, an mutunta su. Daga baya masu bincike suka juya tambayar zuwa cikin rundunar kanta. Ben Bradford da Paul Quinton a Ingila, da Justice Tankebe na jami'ar Cambridge wanda ya yi nazari a kan 'yan sandan Gana, sun duba abin da ke sa jami'i ya yarda cewa ikon da ke hannunsa halastacce ne. Binciken Ingila ya nuna cewa jami'an da suke ganin rundunarsu na yi musu adalci sun fi wannan natsuwa, kuma sun fi goyon bayan aiki cikin mutunta jama'a.

A aikace ga yadda yake: kofur ɗin da aka zage shi a faretin safe gaban kurata, aka jefa shi gadurum ba a ji ta bakinsa ba, ya ga wanda suka shiga aiki tare ya wuce shi da igiya biyu don yana da uban gida, shi ne zai tsaya a kanta da rana. Talakan da ya zo kawo ƙarar satar akuya shi zai kwashi ragowar.

In an ƙara albashi, ba shi ke nan ba?

Ba a gyara ba tare da shi ba. Yajin aikin da ƙananan jami'ai suka yi a Fabrairun 2002 a kan haƙƙoƙinsu da ƙarin girma ya nuna inda yunwa ke kai mai kaki. An kafa asusun tallafa wa 'yan sanda a 2019, an kuma amince da ƙarin kashi 20 cikin ɗari a ƙarshen 2021, wanda tsadar rayuwa ta lashe. Amma kuɗi yana rage uzuri ne, ba ya canza abin da aikin ke koya wa mutum. Ƙasar Jojiya ta sallami dubban 'yan sandan hanya a 2004 ta ɗauki sababbi da albashi mai kyau, sannan ta mayar da biyan tara banki, ta yadda kuɗi ba ya bi ta hannun jami'i. Cin hancin kan titi ya faɗi sosai, ko da yake an ci gaba da zargin cin zarafi a wasu sassan tsaron ƙasar.

DPO da ba shi da ko sisi na ƙari, me zai iya canzawa?

Fiye da yadda ake zato, domin rabon duti a hannunsa yake. Zai iya barin jami'ai biyu ko uku a unguwa ɗaya na tsawon watanni, su san mai unguwa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa, a riƙa tambayarsu abin da ya ragu ba yawan wanda suka kamo ba. Zai iya sa mai bincike ya riƙa gaya wa wanda ya yi kamu yadda shari'a ta ƙare, ko da a laccar mako ce. Zai iya juya mutane tsakanin kanta, sintiri da bincike, kada wani ya tsufa a wuri ɗaya. Sabon kurtu kuma a fara shi da ƙaramar ƙara da zai iya kammalawa, a ƙarƙashin wanda aka san hannunsa tsaf ne, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ke kan mafarin yarda da kai.

Akwai kuma abin da doka ta riga ta ba shi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943, ta hana kama mutum a madadin wani, ta hana kamu a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta kuma ce a tura wa kowane ofishin yanki aƙalla jami'i ɗaya mai shaidar lauya. In DPO ya karanta wa yaransa waɗannan sassa, ya kuma nuna musu zai tsaya musu ranar da wani attajiri ya zo yana neman a kulle masa wanda yake bi bashi, kofur zai iya cewa a'a a gaban kanta ba tare da tsoron gobe za a tura shi daji ba. Ziyarar da alƙalin majistare ke kai wa wuraren tsare mutane kowane wata, wadda dokar 2015 ta tanada, ita ma DPO yana iya mayar da ita dama: a tara masu bincike su ji da kunnensu kurakuran da aka samu a fayilolinsu, kowa ya gyara nasa kafin wata mai zuwa.